Alhaji, ka saki abin da za ka iya saki tun kana da lafiya

Wani dattijo daga Gusau ya sa ɗanshi ya rubuto mana, ya ce kada a sa suna. Shekarunshi 71, ɗan kasuwar hatsi ne, mata 3, ɗiya 19, maza 8 mata 11. Yana da gidan zama a Tudun Wada, shaguna 12 a bakin titi, gidajen haya 2 a Samaru, gona a ƙasar Maru wadda anka daina nomawa saboda ɓarayin daji, sai wani ɗan kamfani mai rajista. Ɗanshi da ke aiki a Ingila ya yi ta turo mashi bidiyo ta WhatsApp yana cewa a zuba dukiyar duka cikin asusun amana na sadaka irin na Turawa, wai za a tsira daga haraji kuma ba rigimar gado. Shi Alhaji abin ya kwanta mashi don dama yana son ya bar ma marayu wani abu. Tsarin da ya yi shi ne ya rubuta komai wakafi ne amma shi zai ci gaba da karɓar haya har ya rasu, bayan nan rabi na marayu rabi na ɗiyanshi maza, matan kuma tunda suna gidajen aure ba su ciki. Yana tambaya ko hakan ya yi, kuma ta ina zai fara.

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya karɓi niyya. Amma wanga tsari yadda ka kawo shi ba zai tsaya ba, ko a gaban alƙali ko a wajen malamai, kuma abin da ka gudu wato rigima shi ne zai fara haifarwa.

Mu fara sallamar maganar haraji don ita ce mafi sauƙi. Yaronka bai yi ƙarya ba, inda yake zaune haka abin yake. A Ingila in mutum ya rasu ya bar dukiyar da ta haura fam 325,000 gwamnati na ɗaukar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura, abin da ya bar ma ƙungiyar agaji kuwa ba a taɓa shi, in ma sadakar ta kai kashi 10 na dukiyar sai a sauko da harajin sauran zuwa kashi 36. A Amurka kuma suna da irin asusun da ake nuna maka a bidiyon, mutum ya zuba kadara a ciki a riƙa biyanshi aƙalla kashi 5 duk shekara, iya rayuwarshi ko zuwa shekara 20, abin da ya rage ya tafi ga ƙungiyar agaji, kuma dole ragowar ta kai kashi 10 na abin da anka zuba tun farko. Dokar harajinsu ce ta haifi wagga dabara. Mu a Nijeriya babu harajin gado. An taɓa yin wata doka mai kama da haka a 1979, anka soke ta a 1996, kuma sabbin dokokin harajin da shugaba Tinubu ya sa ma hannu a Yunin 2025 ba su dawo da ita ba. Kai ba mazaunin Ingila ba ne, shagunanka suna Gusau, hukumar harajin can ba ta da hannu a kansu. To ka ga za ka yi ta gudu ne ba wanda ke binka.

Inda haraji ya ɗan shigo shi ne kamfaninka. Kamfani in ya ba da gudummawa ga ƙungiyar da doka ta amince da ita ana cire kuɗin daga ribar da za a yi ma lissafin haraji, amma iyakarshi kashi 10 cikin 100 na riba. A ce ribar shekara miliyan 20 ce, ka ba da miliyan 2, harajin kamfani kashi 30, abin da ka rage ma kanka 600,000 ne, sauran miliyan 1 da dubu 400 daga aljihunka sunka fita. In kuma kamfanin ƙarami ne cikin waɗanda doka ta riga ta yafe ma harajin kamfani to babu ma abin ragewa. Kuma sai da rasit, buhun gero 50 da ka aika ma limami ya raba ba ya shiga wanga lissafi. Shi yaron naka ma in yana son rangwame a nashi harajin na can, sai ya ba da ta hannun ƙungiya mai rajista a Ingila, turo ma wakafin babanshi kuɗi kai tsaye ba zai sama mashi ko kwabo ba.

Yanzu ga asalin magana. Abin da kake son yi Musulunci ya riga ya tsara shi tun zamanin sahabbai. Sayyadina Umar ya samu gona a Khaibar, ya zo wajen Annabi (SAW) ya ce bai taɓa mallakar dukiya mai daraja kamarta ba me zai yi da ita, anka ce mashi in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai Umar ya sharɗanta ba a sai da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar ma mutanen Madina. Wakafi ke nan, malamanmu na zaure su ce hubusi. Sai dai yana da sharaɗin da mutanenmu ke yawan tuntuɓe a kai, wato hauzi, abin ya bar hannunka ya koma hannun waɗanda anka ba ko wakilinsu. Duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya wuce ta wurin, kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai da hauzi, in mai bayarwa ya rasu kafin a karɓa abin ya koma gado, in kuma a ciwon ajali ya bayar to daga sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya, za a fitar, shi ma in ba magaji anka ba ba. Kotunan shari'a na Zamfara da mazhabar Maliku suke hukunci, kuma a mazhabar mutum bai yi ma kanshi wakafi, bai kuma sharɗanta cewa shi ne zai ci gaba da riƙo. Akwai malaman Hanafiyya da sunka halatta mutum ya ci amfanin wakafinshi iya rayuwarshi, na sani, amma ba a gaban alƙalinsu ɗiyanka za su tsaya ba.

Ka ɗan hango ranar. An yi sadakar bakwai, an watse, wata biyu bayan nan ɗaya daga cikin ɗiyanka mata ta kai ƙara, ko mijinta ya zuga ta ko ita da kanta ta ga an zalunce ta. Yayyenta sun fito da takarda mai tambarin lauya cewa shaguna wakafi ne. Alƙali ba zai tsaya kan tambarin ba, zai sa a kira mai shagon farko ya tambaye shi, hayar bara wa ka ba? Ya ce Alhaji. Rasit fa? Ga shi, sa hannun Alhaji. Da rufi ya yi yoyo wa ya kira kafinta? Alhaji. Shi ke nan magana ta ƙare, shaguna 12 sun koma gado, marayu ba su samu ko ƙofa ɗaya ba, kuma 'yan uwa sun riga sun zagi juna a harabar kotu, zumuncin da ba lallai ya gyaru ba.

Saboda haka hanyoyi biyu ke gabanka, kuma kana iya haɗa su. In kana son ka ci hayarka har ƙarshen rayuwa, ba laifi ba ne, guminka ne, amma sunan wannan wasiyya kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana kwance ba lafiya a Makka ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku anka hana shi, ya ce rabi anka hana shi, sai sulusi, anka ce sulusin ma da yawa, ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. Kuma ba a yi ma magaji wasiyya, don haka rabin nan da ka ware ma maza ta wagga hanya ba zai wuce ba sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa, kuma kai ka san gidanka. Daɗin wasiyya kana iya canza ta duk ranar da ka ga dama, matsalarta kuma ba ka nan lokacin da za a zartar, kuma sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi tukuna.

Hanya ta biyu ita nike ba ka shawara ka fi ba ƙarfi. Ka zaɓi abin da zuciyarka za ta iya rabuwa da shi yanzu, yau, kana tafiya da ƙafarka kana zuwa kasuwa, ka sake shi gaba ɗaya. Mai lafiya da ba bashi ya dabaibaye shi ba shari'a ba ta tsaida shi kan sulusi ba, amma ni ba zan ce ka wuce nan ba, mutum mai mata 3 da ɗiya 19 wasunsu ma ƙila ba su gama sakandare ba. A ce shaguna 4 cikin 12. Kuma don Allah kada ka ce gonar Maru za ka ba marayu, na san tunanin zai zo don ita ce ba ta kawo komai yanzu. Gonar da kai ba ka iya zuwa wane amintacce ne zai je ya noma ma maraya ita? Da ayar nan ta Ali Imrana ta sauka cewa ba za ku samu alheri ba sai kun ciyar daga abin da kuke so, Abu Ɗalha gonar Bairuha ya kawo, wadda ya fi so cikin dukiyarshi, tana fuskantar masallaci. Shagon da ke bakin titi wanda 'yan haya ke layi a kai shi za ka bayar. Gonar ka bar ta cikin gado, in Allah ya kawo zaman lafiya magada sa amfana.

Kuɗi tsaba kuma ban cika son a yi wakafinsu a ajiye a banki ba. Wanda ya ajiye miliyan 10 kafin a cire tallafin mai a saki naira a 2023 ya san buhu nawa take saye a da da kuma yanzu, kai ɗan hatsi ne ba sai na gaya maka ba. Gini hayarshi na bin kasuwa ko da a hankali.

Maganar ɗiya mata, Alhaji a nan zan ɗan yi maka nauyin baki ka yi haƙuri. Wakafin zuri'a halal ne, mutum na iya tsare gida ya ce ɗiyanshi da jikoki su amfana. Amma a yi ma maza a cire mata, wannan Imamu Malik ya ƙi shi, kuma a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Halil, an lissafa shi cikin wakafin da ya ɓaci. Allah da kanshi ya yanka ma mace rabonta a Suratun Nisa'i, namiji kashi biyu mace ɗaya, matan aure su raba tumuni wato kashi ɗaya cikin takwas, bai ce sai wadda ba ta da miji ba. Kuma wai suna gidan aure, a Zamfarar yau? Mata nawa ke zaune a Gusau da ɗiya biyar shida waɗanda anka kashe mazansu a hanyar Ɗansadau ko a gona, wasu an sai da komai an biya kuɗin fansa mijin bai dawo ba. Marayun da kake son taimaka ma ɗiyan irin waɗanga mata ne, kuma babu wanda ya ba ka tabbacin ɗiyarka ba za ta shiga layinsu ba, Allah ya tsare. Sahabi Zubairu ɗan Awwam gidajenshi ya yi wakafi ya ce duk ɗiyarshi da aure ya mutu ta zauna a ciki, in ta samu miji ta tashi. In kana son wakafin zuri'a ga irin wanda ya dace da gidanka, ɗaya daga cikin gidajen Samaru ka tsare shi ma duk wadda ta rasa miji ko anka saki cikin ɗiyanka da matanka. Shi ma sai ka sake shi, ka daina karɓar hayarshi.

Sai wa zai riƙe. Kada ka ba mutum ɗaya, ko da babban ɗanka ne mai sallar dare. Ka sa mutum 5 ko makamancin haka, biyu daga gida uku daga waje, a samu malami, a samu wanda ya iya lissafin kuɗi, kuma na gidan kada su fito ɗaki ɗaya, ka san yadda 'yan ubanci yake, in ɗakin uwargida kaɗai ke riƙe da makulli ko gaskiya suke yi ba mai yarda. Ka sa mace a ciki. Umar da kanshi ɗiyarshi Hafsa ya bar ma kula da wakafinshi alhali yana da ɗiya maza. Kuma ka yanka ma mai kula ɗan abin hasafi a rubuce, a wakafin Umar an yarda mai kula ya ci daidai gwargwado, wanda anka ce ya yi ta zirga-zirgar karɓar haya shekara da shekaru fisabilillahi wata rana da kanshi zai yanka ma kanshi albashi kuma ba zai gaya ma kowa nawa ba ne.

Takardar wakafin ta faɗi komai dalla-dalla, wane shago, lamba nawa, iyaka da wa gabas da yamma. Su wane ne marayun, na unguwa ko na gari duka, har shekara nawa ake ɗaukar yaro, kuɗin makaranta ne ko abinci ko asibiti. A rubuta cewa gyaran gini shi ne farko kafin a raba ko sisi, a ce shago 4 na kawo 400,000 kowane a shekara, miliyan 1 da dubu 600 ke nan, a ware kashi ɗaya cikin biyar a ajiye don rufi da fenti da kuɗin ƙasa, in ba haka ba shekara 15 sai ka ga kango da allon wakafi a jiki. A rubuta yadda za a cire amintaccen da ya ci amana da yadda za a maye gurbin wanda ya rasu, da inda kuɗin za su koma in wata rana makarantar da ka ambata ta rufe, da abin da za a yi in gwamnati ta rusa shagunan don faɗaɗa titi ta biya diyya, wato a sayi wani a madadinsu ba a raba kuɗin ba. Wanga na ƙarshe mutane na mantawa da shi sosai.

Ta ɓangaren hukuma, ka je hukumar zakka da wakafi ta jiha nan Gusau ka ji tsarinsu, ko dai ka miƙa masu su riƙe ko su shaida su ajiye kwafi, ni na fi son amintattunka su riƙe hukuma ta zama mai sa ido, don shugabannin hukuma suna canzawa da canjin gwamnati. Sannan lauya ya yi ma amintattun rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ana buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, in satifiket ya fito ƙungiyar ta zama kamar mutum a idon doka, tana mallakar kadara da sunanta tana buɗe asusun banki, mutuwar amintacce ɗaya ba ta taɓa ta. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, ita ma lauyan ya san hanya. Daga nan a juya takardun shagunan zuwa sunan ƙungiyar, kuma tunda dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, fili mai C of O, wato takardar mallaka, bai canza mai shi sai da amincewar gwamna, akwai kuɗi akwai jira amma kada ka tsallake, shagon da takardarshi ke da sunanka a cikin durowarka ko wane magaji na iya kai shi kasuwa. Ƙungiyar agaji ba ta biyan haraji kan gudummawar da ta samu, amma in ta shiga saye da sayarwa ribar na da haraji, kuma dole duk shekara ta kai rahoto CAC da hukumar haraji ko ba ta biyan komai.

Ranar miƙawa ka tara 'yan hayar nan huɗu a gaban shaidu, limami da mai unguwa da amintattu, ka ce daga yau ba ni ke da shagunan ga ba, ga lambar asusun da za ku riƙa biya, ka miƙa makullai da littafin rasit, a ɗauki bidiyo a sa hannu. In ɗan haya ya zo maka da kuɗi bayan nan don sabo, ka mai da shi. In ka ga dama ka je asibiti a satin a ba ka takardar cewa lafiyarka lau da hankalinka, don kada gobe wani ya ce a ciwon ajali ka yi ko an juya ka ne.

Kafin duk wannan ka zauna ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, da kuɗin mutane da ke cikin jarinka, 'yan kasuwar hatsi kun saba riƙe ajiyar mutane da baka. Ka duba ko akwai ragowar sadaki ko kuɗin gadon wata cikin matanka da ta ba ka ka juya, a fitar mata da abinta da sunanta, wakafin da anka yi da dukiyar wani ko don a guje ma masu bin bashi bai inganta. Sannan ka tara iyali duka, maza da mata, har na Ingila a sa shi a waya, ka gaya masu da bakinka abin da ka fitar da dalili, da abin da ya rage wanda za a raba yadda Allah ya ce. Wani zai ɓata rai, gara ya ɓata kana zaune kana ba shi amsa. Shi kuma yaron ka gode mashi, ka ce in da gaske yake ya ɗauki nauyin kuɗin lauya da na canjin takardu, don su ne za su fi cin kuɗi a shekarar farko kuma bai kamata a cire su daga hayar marayu ba.

Allah ya ƙara lafiya Alhaji. In lauya ya rubuta takardar ka kai ma malamin da ya san babin hubusi ya karanta kafin ka sa hannu.